Sunan 'Yar Fari a Bakin Malama Liyatu

Duk wanda ya san Malama Liyatu ya san Allah bai rage ta da baki ba. Gajeruwar mace ce mai zafin nama, in ta fara zuba ko mai tallan magani a tasha sai ya ja gefe ya ba ta wuri. Ita ke riƙe da ajin yara a wata 'yar coci da ke bayan garin Daura, ta hanyar Sandamu, inda gidajen Kirista ba su da yawan da in an yi suna tukunya guda za ta kasa ciyar da su. Yawancinsu aiki ne ya kawo su daga kudancin Katsina, wasu malaman makaranta, wasu ma'aikatan asibiti, wasu kuma irin mijinta Audi, mai gyaran babur.

Gaskiyar magana, da dattawan cocin suka ba ta ajin, ba don wani babban buri suka ba ta ba. Yara ne suka ishe su da ƙiriniya lokacin wa'azi, aka ce a samu mai fitar da su waje. Aka miƙa mata tabarma ɗaya da inuwar darbejiya, da yaran da ba su ma cika tabarmar ba. Yau kuwa je ka gani. Tabarmi sun ƙare sai da aka haɗa da buhunan taki, inuwar darbejiyar ta yi kaɗan an kafa rumfa. Audi yakan yi sawu-sawu da babur yana kwaso yara daga Sandamu, biyu a gaba uku a baya, ɗaya ya maƙale masa a wuya. Har daga Zango wasu iyayen ke sako 'ya'yansu a motar haya ranar Lahadi.

Ba alawa take rabawa ba, ba ta ma da kuɗin alawar. Kiran suna ne kawai. Liyatu ta lura yaro a gida sunansa "kai", yarinya sunanta "ke", in an ji an kira cikakken sunanka to ka yi ɓarna ne. Sai ta ƙirƙiro wa kowane yaro kirarinsa. Kafin a fara addu'a, kafin a koyi aya ko waƙa, sai ta ɗaure zani a ƙugu ta tsaya a tsakiya ta ɗaga murya.

"Ishaya! Baƙi mai farin haƙora, gyaɗa ta gan ka ta ɓare kanta!"

Ishaya ya yi tsalle ya ce, "Ga ni!" A buga masa tulun kiɗa, ya taka rawa har ƙura ta tashi, ya koma ya zauna yana haki kamar wanda aka naɗa masa sarauta.

"Rahila 'yar Sandamu, mai tafiyar agwagwa, ba ki sauri ba kya makara!"

Haka za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da ka, ba ta taɓa tsallake kowa ba. Yaro ko zazzaɓi yake yi sai ya yi kuka a kawo shi, don kada a kira sunansa ba ya nan. Ta wannan ƙofar take shigar musu da duk abin da take son su sani game da Yesu, kuma yana shiga.

Na ce ba ta taɓa tsallake kowa ba, amma na yi ƙarya. Akwai yarinya ɗaya, doguwa mai shiru-shiru, wadda ke zaune a gefenta rungume da tulun kiɗa. Ita ce ta fara zama a kan waccan tabarmar tun ba ta iya ɗaura zani ba, ita ce kuma hannunta ya san kiɗan kowane yaro. Sunanta Barakatu, 'yar farin Liyatu ce. Ku kuwa kun san yadda abin yake. Uwa ta kama sunan ɗan fari a bakinta? Ai sai a shekara ana ba da labarinta. Tun da aka yaye Barakatu a ɗakin kakarta Inna Lantana take kwana, uwar kuwa in tana son ta sai ta ce "ke wannan", ko ta aiki ƙaninta Nuhu ya kira ta. Duk unguwa Maman Barakatu ake ce wa Liyatu, ita kuwa mijinta Baban Nuhu take ce masa, ta yi tsalle ta haye ta farin kamar an haye kwata. Kuma ba don ba ta son ta ba. Tana son yarinyar nan har tsoro abin yake ba ta.

Ana nan, wata Lahadi ana saura 'yan makonni bikin Ranar Yara, Liyatu ta ɗauko darasin makiyayi. Ta ɗora sanda a kafaɗa irin ta Fulani, ta sa yara suka durƙusa suna kukan tumaki, rumfa ta kaure da "meee". Ta ce musu Yesu makiyayi ne da ya san kowace tunkiya tasa, ba ya cewa "ke waccan", da sunanta yake kiranta, ita ma ta san muryarsa ta bi shi. Darasi ya yi daɗi har ita kanta ta ji a jikinta.

Sai wata 'yar mitsitsiya mai giɓi, Kyauta, wadda ba ta daɗe da fara zuwa daga Zango ba, ta ɗaga hannu.

"Malama, ita mai tulu ba ta da suna ne?"

Liyatu ta ce, "Tana da shi mana."

"To ita ba tunkiyar Yesu ba ce? Kullum ba a kiranta."

Manyan yaran suka fashe da dariya, don sun san dawan garin. Liyatu ma ta yi dariyar, irin ta wanda ya taka ƙaya a gaban surukai, ta ce a tashi a yi waƙa. Aka tashi, amma tulu bai yi magana ba. Ta waiwaya ta ga Barakatu ta ajiye shi a hankali a gindin darbejiya, ta kakkaɓe zaninta, ta yi tafiyarta gida.

Lahadin da ta biyo baya Barakatu ta ci ɗaurin ɗankwali irin na manyan mata, ta bi kakarta cikin coci, ta zauna a bencin tsofaffi tana sauraron wa'azin Fasto da fuskar mai shekara sittin. A waje kuwa aka ba Nuhu tulu. Yaron nan dukansa yake yi kamar ya ga kunama a kai. Ishaya ya tashi zai yi rawa, ƙafa ta rasa inda za ta sauka, ya koma ya zauna yana gunaguni. Liyatu ta yi kirarin kowa, amma ita kanta ta ji miyar ba gishiri.

A gida ba abin da ya canza, shi ne ma abin da ya fi ci mata rai. Barakatu za ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta durƙusa ta ce, "Mama, ina kwana," ta tashi. Da fushi ta yi da sauƙi. Ga shi ta ci jarrabawa, da an gama hutu za a kai ta makarantar kwana, Ranar Yaran nan ita ce ta ƙarshe gare ta a ajin. Liyatu ta san in yarinyar nan ta tafi a haka, da wannan ɗaurin ɗankwalin za ta dawo, kuma ba za ta ƙara kwance shi ba.

Ta fara da mijinta. Ta same shi yana wanke hannu da kananzir.

"Baban Nuhu, ka yi wa yarinyar nan magana mana."

"Wace yarinya?"

"Waccan."

"Au, waccan." Audi ya sosa ƙeya. "To ni me zan ce mata? Ni ma fa ta farina ce." Ya dubi babur ɗinsa da ke tsaye lafiya lau, ya ce yana jin wata ƙara a injin, bari ya zagaya da shi. Bai dawo ba sai da tuwo ya huce.

Ta aika Nuhu ya gaya wa yayarsa cewa ranar Lahadi Rahila za ta tsaya ta kira sunanta a madadin Malama, har da kirari. Nuhu ya dawo da amsa da gudu, yana jin daɗin aiken.

"Ta ce wai Rahila ce ta haife ta?"

Daga nan Liyatu ta san ba makawa, sai ta shiga gwaji a ɓoye. Ta leƙa kanta cikin randa za ta faɗa, ta ga fuskarta a ruwa, kunya ta kama ta. Ta je bayan gida ta tsaya gaban akuya, ta buɗe baki ta ce "Ba…", akuyar ta ɗago ta zuba mata ido tana tuƙa, sauran sunan ya koma ciki. Matar da ke iya yi wa yaro kirari tun kafin ya gama cire takalmi, ga ta gaɓa huɗu sun gagare ta.

Dabara ta zo mata ranar da ta kai markaɗen wake gidan maƙwabciyarta Maijidda, matar wani mai fataucin dabbobi. Maijidda Musulma ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma tun zuwan Liyatu unguwar suke musayar tuwon salla da shinkafar Kirsimeti. Injin markaɗenta kuwa in ya tashi ko aradu ba a ji. Liyatu ta tsaya a layi bayan mata, ta ce a ranta yau ga wuri. Ta sunkuyar da kai, ta faɗi sunan cikin ƙarar inji. Ya fita! Ba wanda ya ji, ƙasa ba ta tsage ba. Daɗi ya kama ta, ta sake faɗa da ɗan ƙarfi. Ta cika ƙirji da iska ta ɗauko na uku da dukkan muryar da take tara yara da ita, daidai lokacin da man injin ya ƙare.

"…KATU!"

Tsakar gidan ta yi tsit. Mata suka juyo. Maijidda ta dube ta, ta dubi robar waken, sai ta zauna daɓas a kan turmi tana dariya har da hawaye.

"Maman Barakatu, yau kuma wa ake kira a gidana? Ko wake ne aka raɗa wa suna?"

Da mata suka watse Liyatu ta zayyana mata komai. Maijidda ta share ido da gefen mayafi.

"Ni kam ba zan iya ba, ƙawata. Babban nawa da ya karye a ƙwallo na kai shi asibiti, malamar ta ce sunan yaro. Na ce ta tambaye shi. Ta ce ai ya suma. Wallahi sai da na fita titi na samo mai shayin da ya san mu ya zo ya faɗa."

Suka sake kwashewa. Sannan Maijidda ta ce, "Amma ni markaɗe nake yi. Ke kika ɗauko wa kanki sana'ar kiran suna. Kin zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Saura mutum ɗaya, wadda Liyatu ta fi jin tsoro. Ana gobe biki ta shiga ɗakin surukarta da rana, ta durƙusa nesa da tabarma, ta yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar lafiyar kaji. Inna Lantana tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba.

"Inna, dama a kan maganar yarinyar nan ce."

"Na ji. Har akuya ta ba ni labari." Tsohuwar ta hura ɓawo daga faifai. "Ni na haifi mijinki, shi ne na farina. Har yau bakina bai san sunansa ba. Ya mutu? Ga shi nan ƙato, ƙofa ma da ƙyar yake shiga."

"Haka ne, Inna."

"Abin da muka tarar ke nan. Mace mai kunya ba ta yi."

"Haka ne, Inna."

Liyatu ta yunƙura za ta tashi. Sai tsohuwar ta ƙara, tana magana da gyaɗar, "Sai dai ni ban tara 'ya'yan mutane ina yi musu kirari a gabansa ba, shi yana buga musu tulu."

Ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba. Liyatu ta fito ba ta san ko izini aka ba ta ko zagi ba.

Ranar Yara ta zo da jama'ar da cocin ba ta taɓa gani ba. Aka fito da benci waje, aka aro kujeru. Yaran Zango suka iso cikin mota guda sun cika ta har kan buhunan gero, suna waƙa tun daga kwana. Zumuntar mata sun yi anko, an dafa shinkafa a tukwanen biki. Fasto ya tashi ya sanar cewa ajin ya yi girman da za a buɗe masa reshe a Sandamu, aka yi tafi kamar rumfa za ta faɗi. Saboda yawan mutane an ɗauko hayar lasifika, an ɗaure ta a reshen darbejiya, aka danƙa wa Liyatu makirufo a hannu. Ba ta taɓa riƙe shi ba, don ba ta taɓa bukatarsa ba. Ta riƙe shi can ƙasa wajen cibiya kamar ludayi, ta yi kiran sunanta da muryar da Allah ya ba ta.

Ta kira Ishaya, ta kira Rahila. Ta kira Kyauta, "giɓi ƙofar dariya, mai tambayar da ta fi ta tsawo!" Yara suna tsalle, iyaye suna shewa, Nuhu yana azabtar da tulu. Ta kira na ƙarshe, ya yi rawarsa ya zauna. Fasto ya gyara riga zai tashi.

Liyatu ba ta zauna ba. Can ta hango 'yarta a bencin tsofaffi, kusa da Inna Lantana, da ɗaurin ɗankwalin nan, tana kallon yatsun ƙafarta. Liyatu ta gyara tsayuwa. Ta yanke shawara za ta faɗa, amma a hankali, yadda daga ita sai Allah, in ya so yarinyar ta gani a leɓenta. Don kada kowa ya ga bakinta, sai ta ɗago abin da ke hannunta ta kare shi da shi. Ta rufe ido ta yi raɗa.

"BARAKATU."

Darbejiya ta amsa. Tsuntsaye suka watse daga kanta, wani jariri ya tsala ihu, awakin da ke kiwo a bakin hanya suka ranta a na kare. Sunan ya haye katanga ya bi unguwa, sai ga guɗa ta taso daga gidan Maijidda, doguwa, har da su "ayyururui". Audi, da ke tsaye a baya, ya durƙusa nan take ya shiga duba tayar babur ɗin wani.

Liyatu ta buɗe ido. Abin da ake gudu ya riga ya faru, kuma ga mamakinta wani irin daɗi ne ya taso mata tun daga tafin ƙafa, kanta ya yi sakayau kamar ta sauke tulun ruwa. Wanda ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Ta ƙara matso da makirufo.

"Barakatu! Ta fari mai buɗe ƙofa! Doguwa ba ki gado ni ba, kin fi ni! Mai hannun da tulu ke yi wa biyayya!"

Yara suka miƙe tsaye suna ihu. A nan ya kamata ta tsaya, don kirarin kowa numfashi ɗaya ne. Ina! Bakin da ya daɗe a ɗaure ya samu sako.

"Barakatu da ta yi haƙori ba ta ciji uwarta ba! Wadda ƙyanda ta kwantar, na kwana a bakin ƙofar Inna ina leƙe ta kafar asabari, na ce wai iska nake sha! Ranar da kika zo ta ɗaya a makaranta na ce miki an gani, je ki wanke kwanuka, na shiga ɗaki na yi rawa har na fasa fitila, na ce Nuhu ne!"

"Na faɗa muku ba ni ba ne!" in ji Nuhu.

Wuri ya rikice. Mata suna riƙe ciki, Fasto ya cire tabarau yana goge ido, wasu tsofaffi suna salati irin nasu suna tafa hannu. Inna Lantana ta ja gyale ta rufe fuskarta ruf, kafaɗunta suna rawa, ba mai iya cewa kuka take yi ko dariya. Liyatu kuwa tana ta zubawa, tana dariya, hawaye na bin kumatunta, sai da ta duba bencin ta ga wurin yarinyar wayam. Barakatu ta toshe fuska da hannu biyu ta zura da gudu bayan coci, ɗankwalin ya faɗi a hanya.

Dariyar Liyatu ta tsaya cak. Ta cusa wa Fasto makirufo, ta tattare zani ta bi ta, tana cewa a ranta shi ke nan, garin neman gira na rasa ido, na kunyata yarinya a gaban duniya.

Ta same ta tsugune a bayan tukwanen shinkafa, ta cusa kai cikin gwiwa. Liyatu ta tsaya a kanta. Can ta tsuguna ita ma, ɗan nesa kaɗan, kamar baƙuwa.

"Na yi yawa ko?"

"Har Sandamu an ji, Mama," in ji yarinyar daga cikin gwiwa. "Har da maganar haƙori."

"Abin ne ya ƙwace mini."

Daga gaba ana jin yara sun kama sunan suna rera shi, Nuhu yana binsu da duka. Barakatu ta ɗago, idanunta jawur, bakinta yana son yin dariya tana hana shi.

"Wancan na mutane ne," ta ce. "Lasifika ce ta faɗa. Ni ban ji da muryarki ba."

Liyatu ta waiga dama, ta waiga hagu. Ba kowa sai tukwane. Abin mamaki, yanzu ne kunyar ta fi kama ta, har kunnuwanta suka yi zafi. Ta matso, ta kafa ido a ƙasa, ta faɗa a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci.

"Barakatu."

"Na'am, Mama."